Farin Garin da ke Gindin Filas ɗin Inna

Zuwa ga Anti Bahijja,

Assalamu alaikum. Anti, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada wasiƙata ta kwana a ƙasan tari, domin ƙarshen watan nan matar da na zalunta za ta kwashe kayanta ta bar gidanmu. Yau kwana biyar ke nan ban dawo cikin hayyacina ba. Ko a wurin aiki sai in tsinci kaina na zuba wa kwamfuta ido, hannuna ya tsaya cak.

Shekarata arba'in da uku, mijina ya rasu, ina zaune da mahaifiyata a wani gidan haya a Tudun Wadan Zariya. Iyali shida ne a gidan, famfo ɗaya a tsakar gida. Aikina buga wa ɗalibai takardu a wani shago a Kongo, in fita da sassafe, sai bayan la'asar in dawo. Ita kuwa Inna shekara biyu ke nan da ta samu shanyewar ɓarin jiki, ba ta iya tashi sai an tayar da ita.

Ƙofarmu tana kallon ƙofar wata baiwar Allah da zan kira Maman Wisdom. Nas ce da ta yi ritaya, 'yar cocin Angilika, 'ya'yanta duk sun girma sun watse. Shekara goma sha tara muna kallon ƙofar juna. Ranar da aka shigo da gawar mijina a jikinta na faɗi. Da Sallah kularmu ɗakinta take fara shiga, da Kirsimeti tata namu take fara shigowa, kuma saboda mu ne duk shekara take ɗaukar kajinta ta kai wa mahauci Musulmi ya yanka. Da Inna ta kwanta ban roƙe ta ba, ita ta ɗora wa kanta. Kullum da safe in na fita sai ta shigo ta juya ta, ta goge mata jiki, ta auna jininta, ta tafasa ruwa a butarta ta lantarki ta cika filas ɗin Inna, don Inna ba ta shan ruwa sai mai ɗumi.

To bari in koma kan famfon, don daga nan abin ya taso. Da can sau biyu a mako yake kawo ruwa, wani lokaci ja-ja, sai mun jefa alif ya kwanta kafin a sha. Daminar bara kawai sai ya fara zuwa kullum, garai-garai, kana ganin gindin bokiti. Matan gida har da guɗa. Ni da bakina na ce gwamnati ta tuna da mu, na tattara sauran alif ɗina na kyautar.

Daga nan ƙananan abubuwa suka fara. Sabulu ya daina kumfa, na ce masu kamfani sun lalata sabulun zamani. Wake ya ƙi dahuwa sai na yi ta ɗura masa kanwa, na je har kasuwa na yi wa mai waken tatas, na ce tsohon wake ya sayar mini. Shayi ya riƙa yin wani ɓawo a sama, na canja ganye. In na yi wanka fatata ta yi fururu, na canja mai. Anti, ni fa a gidan kakata na tashi, kuma rijiyar gidan mai zartsi ce, na san duk waɗannan alamu tun ina yarinya. Amma a kaina zartsi na rijiya ne. Ruwan da ya fito ta bakin famfo ruwan gwamnati ne, ina shi ina zartsi? Ko sau ɗaya tunanin bai gifta mini ba.

Maman Wisdom ta taɓa tsayar da ni a bakin famfon, ta ce, “Ruwan nan ba na da ba ne. Kada a ba Inna sai an tafasa.” Na yi dariya na ce ku nas-nas ko a ruwan sama sai kun hango ƙwayar cuta. Na ɗauki bokitina na wuce, ina sauri kada in makara.

Farkon Disamba ƙanwar mahaifina, Gwaggo Ishatu, ta zo daga Tudun Jukun duba Inna. Daidai lokacin Inna ta fara wani yawan barci, kina mata magana tana gyangyaɗi. Gwaggo ta ɗauki filas za ta tsiyaya mata ruwa, saura kaɗan a ciki, sai ta karkata shi sosai. Wani farin abu ya biyo ruwan ya kwanta a gindin kofi. Ta juye a baƙin faranti, ta murza da yatsa, yana ƙaras-ƙaras kamar dakakken ɓawon ƙwai. Ta leƙa cikin filas ɗin, gindinsa fari fat. Ta tambayi wa ke cika shi, na faɗa mata. Sai ta kama haɓa.

Kafin magariba Gwaggo ta gama haɗa lissafinta. Nas ce, ɗakinta cike da ƙwayoyi. Ta gaji da jinyar tsohuwar da ba tata ba, sai take daka maganin barci tana zubawa don ta huta. Ta ƙara da wata magana da nake jin kunyar rubutawa, wai na saki jiki da wadda ba alƙiblarmu ɗaya ba. Na so in musa, wallahi na so. Amma ga garin a faranti, ga Inna tana gyangyaɗi a gabana. Tsoro ya shige ni, kuma tsoron ne ya ci.

Da na tunkari Maman Wisdom na tambaye ta ma da sauƙi. Ban yi ba. Na ɗauko wata 'yar uwarmu tana wuni da Inna, ɗaki a kulle ta ciki, na ce mata ko ruwa kada ta karɓa daga ƙofar can. Maman Wisdom ta ƙwanƙwasa kwana uku ana ce mata Inna na barci. Na uku ta tare ni ta tambayi ko lafiya, na ce lafiya lau, mun gode da ɗawainiya, ta huta haka nan. Sannan na zauna da mata biyu na gidan na nuna musu garin da na ƙulle a leda, na ce su riƙe a cikinsu. Kin san yadda ake riƙe magana a gidan haya. Kafin mako ya zagayo har masu sayen zoɓon da take ƙullawa sun ɗauke ƙafa.

Ranar Kirsimeti duk da haka ta kawo kularta, shinkafa da kaza, mu ta fara kawo wa kamar kullum. Na karɓa na ajiye a bayan ƙofa. Da yamma, tsakar gida cike da mutane, na ɗauki kular yadda ta zo, ko murfin ban ɗaga ba, na je na dire mata a bakin ƙofa. Ta ɗaga ta ji nauyinta. Ta kalle ni, ta kalli matan da suka yi tsit. Abin da kawai ta ce shi ne, “A gaida Inna.” Ta shige ta saki labule. Tun daga ranar ba ta ƙara zama a tsakar gida ba.

Tunda yanzu ba mai tafasawa, sai muka riƙa ba Inna ruwan famfo kai tsaye, a ɗan ɗumama shi kawai, ai garai yake. Cikin Janairu amai da gudawa suka kama ta, sai da ta kwana huɗu a asibiti ana ƙara mata ruwa. Anti, ko a nan ban farka ba. Cewa na yi ragowar ƙwayoyin ne suke fita daga jikinta, kuma na faɗa wa matan gidan haka. Likitan ne ya tambayi wane ruwa take sha, ya ce lallai a riƙa tafasawa. Da na kawo masa zancen yawan barcin, ya duba katinta ya ce maganin da aka canja mata a Nuwamba yana sa haka, ya rage shi. Shakka ta ɗan ɗarsu mini, amma na danne.

Na sayi sabuwar buta da sabon filas. Ni nake ɗebo ruwan, ni nake tafasawa, ni nake zubawa. Mako uku da farawa na zo wanke butar, na leƙa, na ga gindinta ya yi fari. Na sa yatsa na murza, ƙaras-ƙaras. Na zauna daɓas a ƙasa. Kuma kin san me na fara yi? Kwaɗon ƙofa na canja. Har lokacin ina neman wanda zan ɗora wa.

Asabar ɗin da ta wuce famfon ya fara zuba siriri, aka kira Malam Nagoda mai gyaran famfo. Ina tsaye da bokiti ya kwance kan famfon, ya buga shi a dakali. Farin garin nan ya zubo, irinsa sak, ya fi cokali biyu. Ya haska mini cikin bututun, duk ya yi ɓawo ya tsuke. Na tambaye shi mene ne wannan. Ya yi dariya ya ce, “Zartsi ne, Hajiya. Ai ruwan bohol kuke sha, duk butar da ke gidan nan haka cikinta yake.” Ashe tun da aka fasa babban bututun layinmu wajen gyaran kwata, mai gidanmu ya jawo mana ruwa daga bohol ɗin gidansa da ke bayanmu, ya haɗa da tsohon bututun. Famfon bai canja ba, ruwan ne ya canja. Ɗaya daga cikin matan da na nuna wa ledar ta ruga ta ɗauko butarta ta leƙa. Ba wanda ya iya kallon wani.

Jiya na ga an fara fito da kwalaye daga ɗakinta. An ce ta samu ɗaki a Kwangila, kusa da ƙanwarta. Inna kuwa bakinta bai fita sosai, amma kullum da safe sai ta juya ido wajen ƙofa ta kira sunanta, ni kuma in ce ta yi tafiya.

Anti, tambayoyina ga su. Wannan ruwan zai kashe mu ne, ko yaya za mu yi da shi? Shi ya kwantar da Inna? Sannan da wane ido zan kalli matar nan? Gwaggo ta ce in bar maganar ta mutu, tunda tashi za ta yi, wai tone-tone zubar da mutunci ne. Wata zuciyar tana ce mini in rubuta 'yar takarda in tura ta ƙasan ƙofa. Na rasa abin yi.

Taki cikin nadama,
Mai Ƙofar Gabas, Tudun Wada, Zariya


Amsar Anti Bahijja

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, a na biyun sai da na tashi na leƙa cikin butata. Bari mu fara da ruwan don hankalinki ya kwanta, sannan mu zo kan abin da ya fi ruwan nauyi.

Farin garin nan ba guba ba ne. Ruwan da ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa yana narkar da ma'adinan duwatsun da ya ratsa, dangin alli da farar ƙasa. Ido ba ya ganinsu sai an tafasa ruwan, a nan suke rabuwa da shi su manne a buta, a bututu kuwa a hankali suke taruwa. Su ne suke hana sabulu kumfa, su sa wake taurin kai, su toshe bututu. Suna da ban haushi, amma ga yawancin mutane ba sa cutarwa. In kin tafasa ruwa ki bar shi ya ɗan kwanta, ki tace da tsaftataccen farin ƙyalle kafin ki zuba a filas. Butar kuma ki matsa lemon tsami a ruwa ki tafasa a ciki, ki bari ya huce, ɓawon zai saki. Wake ki jiƙa shi tun da wuri, ki rage wa kanwar nan hannu. Mai waken ma yana bin ki ban-haƙuri.

Abin da ya fi damuna shi ne gudawar Inna. Daga nan inda nake ba zan iya rantsuwa cewa ruwan ne ba, amma zartsi shi kaɗai ba kasafai yake kwantar da mutum haka ba. Ruwa yana iya zama garai alhali yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, musamman in bohol ɗin yana kusa da ramin masai, ko tankinsa ya daɗe ba a wanke ba, ko tsohon bututun yana da huda a gefen kwata. Alif laka yake kwantarwa, ba ya kashe cuta, ba ya cire zartsi. Don haka duk ruwan sha a gidan nan a tafasa shi har ya yi ta ɓararraka, ɗumamawa ba ta wadatar ba. Ku haɗu ku shida ku je wurin mai gidan cikin ladabi, don mutumin taimako ya yi niyya, kuskurensa rashin sanar da ku. Ku nemi a wanke tanki, a duba bututun, a kai ruwan ɗakin gwaji a auna shi. Sakamakon ki nuna wa likitan Inna, tunda mai hawan jini ce, ya san ko akwai gishirin da ya yi mata yawa.

Yanzu ke da maƙwabciyarki. Ba zan ce ke muguwa ce ba. 'Ya ce ke da ta ga uwarta tana shuɗewa a gabanta, aka miƙo mata dalili a faranti, ta karɓa. Kowa yana iya tsorata haka. Ita ma Maman Wisdom da ta zaunar da ke ta ce ga inda ruwan nan yake fitowa, da wataƙila ba a kai nan ba. Amma ki lura, ta faɗa miki, ke ce kika yi dariya kika wuce. Laifinki kuma ba zargin da ya ɗarsu a ranki ba ne. Laifinki shi ne shekara goma sha tara ba su sa kin taka taku biyar kin tambaye ta ba, amma kika iya zama da mata biyu kika kwance musu leda. Kada ki ɓuya a bayan Gwaggo Ishatu. Ita ta faɗi magana, ke kika ɗauki kula kika dire. Maganar alƙibla kuwa, matar da take kai kajinta a yanka saboda ku ta riga ta amsa ta tun kafin a yi.

Shawarar Gwaggo ta a bar magana ta mutu ban karɓe ta ba. Mutuncin wa ake tsoron ya zube? Na matar nan ya riga ya zube a tsakar gida, kuma in ta tashi a haka, sunan nas mai zuba wa tsohuwa ƙwaya zai bi ta har Kwangila. Takardar ƙasan ƙofa ma ban yarda da ita ba. A gaban mutane kika ɓata ta, a gaban mutanen za ki wanke ta.

Ga yadda za ki yi, kuma kada ya wuce gobe. Ki fara shiga wurinta ke kaɗai da rana, da sallama, riƙe da sabuwar butarki ba a wanke ba. Ki faɗa mata komai da bakinki, har da ledar, har da abin da kika ce bayan asibiti. Kada ki ce shaiɗan ne, kada ki ce Gwaggo ce, ki ce na zarge ki da kaza, na yaɗa, kuma ƙarya ne. Sannan ki tara matan gidan a bakin famfon nan ki maimaita da ƙarfi, ki bi gidajen da suka daina sayen zoɓonta ki faɗa musu. In za ki iya, ki tafi Tudun Jukun da butar ki nuna wa Gwaggo ma.

Kada ki roƙe ta ta fasa tashi, kada ki roƙe ta ta dawo jinya. Ba ki da wannan bakin yanzu. Tana iya yafewa ta zauna, tana iya yafewa ta tafi, tana iya sakin labule kawai kamar wancan karon. Duk wanda ta zaɓa haƙƙinta ne, ki karɓa ba tare da kin ɓata rai ba. Abu ɗaya za ki roƙa, kuma ba don kanki ba: ta leƙo ta ga Inna kafin ta tafi. Ki daina ce wa tsohuwar nan ta yi tafiya. Jikinta ne ya shanye, hankalinta yana nan, kuma ta san wanda take kira.

Ledar nan da kika ƙulle, kada ki yar. Ki riƙa kallonta. Garin nan ba ya taruwa a gindin filas haka kawai, sai in ana tafasa ruwan. Abin da kika nuna wa mata a matsayin shaidar cuta, shaida ce ta cewa kullum da safe, kina can Kongo, akwai wadda take tsayawa a kan buta har ruwan ya tafasa saboda uwarki. Ki faɗa mata kin gane wannan.

Allah ya ba Inna lafiya, ya sanyaya zuciyar Maman Wisdom, ke kuma ya ba ki ƙarfin taka takun nan biyar.

Anti Bahijja